Alkama mai tattalin taki: a sayi sikeli kafin a sayi jirgi

Buhun takin ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin azot, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira naitirojin. Buhun 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal ke cikinsa. Tun a 1999 masana biyu na jami'ar jihar Oklahoma ta Amurka suka ƙiyasta cewa in aka haɗa gonakin alkama da masara da shinkafa da danginsu na duniya baki ɗaya, kashi ɗaya bisa uku ne kawai na azot ɗin da aka zuba yake fitowa cikin amfanin da aka girbe. Sauran wani ya tashi sama, wani ruwa ya nutse da shi, wani ya maƙale a ƙasa. Ga mai garka a kwarin Korama na jihar Damagaram wanda ya sayar da akuya ya sayi taki, wannan asara ce ta kuɗi tsaba, kuma ta ƙara zafi tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin taki a duniya, sannan takunkumin da aka saka wa Nijar a 2023 ya toshe mana hanyoyin shigo da kaya.

Saboda haka cibiyoyin binciken noma na duniya suka duƙufa neman irin alkama mai cin taki kaɗan ya ba da amfani mai yawa, kuma sabon makamin da suka ɗauka shi ne jirgi marar matuƙi mai kyamara, haɗe da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake koya wa karanta hotuna. Fasahar ta gaskiya ce, tana aiki, kuma ina goyon bayan Damagaram ta shiga cikinta. Amma a ganina jirgin ne abu na ƙarshe da ya kamata mu saya. In muka fara da shi, kyawawan taswirori masu launi za mu samu, iri kuwa babu.

Abin da kyamarar ke gani ba ɓoyayyen abu ba ne. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani. Da yake kaso mai yawa na azot ɗin ganye yana cikin sassan da ke sarrafa hasken rana, tsiron da ya ƙoshi da azot da wanda ke jin yunwa ba sa mayar da haske iri ɗaya. Kyamarorin wannan aiki suna da idanu 4 ko 5, kowane da zangon hasken da yake kamawa: kore wajen nanomita 560, ja wajen 650, gefen ja wajen 730, sai ɓoyayyen hasken wajen 860. A ɗebe ja daga ɓoyayyen, a raba da jimillarsu, a samu ma'aunin da ake kira NDVI. Ƙasa tsirara takan ba da abin da bai wuce 0.2 ba, alkamar da ta rufe ƙasa takan haura 0.8. Matsalar wannan ma'auni ita ce da zarar ganye ya rufe fangali sai ya daina bambancewa, mai ƙoshi da mai matsakaicin ƙoshi duk su zama ɗaya a wurinsa. Daga nan sai a koma ga ma'aunin gefen ja, wanda ya fi leƙa cikin duhun ganye.

Amfanin wannan ga mai tace iri a fili yake. A ce yana gwada layukan alkama 200, kowane a fangalin da aka ba taki da wanda aka hana, kowane kuma sau biyu. Fangali 800 ke nan. In kowane yana da jere 6 masu tazarar santimita 20, tsawonsu mita 3, da hanyoyi da magudanan ruwa ba za su kai hekta guda ba. Mutum da na'urar hannu mai matsa ganye ta auna korensa, in zai auna ganye 10 a kowane fangali, ganye 8,000 ke gabansa, kuma kafin ya kai ƙarshe na farkon sun canza. Jirgi a tsayin mita 30 zai gama filin cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, kowane ɗigon hoto yana wakiltar kusan santimita 2 na ƙasa, kuma za a iya maimaitawa kowane mako tun daga tsiro har zuwa bushewa. Manhajar da aka horar sai ta ware ganye daga yashi, ta ƙirga zangarniya, ta bi yadda kowane layi ke yin kore da yadda yake sauka. Rariya ce: tana rage layuka 200 zuwa 30 da suka cancanci a ɓata musu lokaci da kuɗin ɗakin awo.

To amma kafin a yi murna, akwai lissafin da babu irin da zai tsallake shi. Alkama ba wake ba ce, ba ta jawo azot daga iska. Ƙwayar da ke da furotin kashi 12 cikin 100 tana ɗauke da kusan kilo 21 na azot a kowane tan, don ana raba furotin ɗin alkama da 5.7 ne a samu azot. In aka haɗa da na kara, tan guda yana cin kilo 25 zuwa 30. Mai son tan 4 a hekta dole tsironsa ya sha kilo 100 zuwa 120, daga taki ko daga ƙasa, wato kwatankwacin buhun ure 4 zuwa 5 ko da babu ƙwayar da ta salwanta. A Turai da Sin, inda aka fi yin wannan bincike, damuwarsu taki ya yi yawa har yana gurɓata ruwan sha, suna neman ragewa. Mu tamu damuwar ita ce ƙasar ta rame. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 na sinadaran taki a kowace hekta, Nijar har yau ba ta kusanci wannan adadi ba. Duk wanda ya gaya wa manomin Mirya ko Matamai cewa ga alkamar da ba ta son taki, ya cuce shi. Abin da za a iya yi masa alkawari shi ne iri wanda saiwarsa ke kama kaso mafi yawa na ɗan abin da ya zuba, kuma yake kwashe abin da ya tara a ganye da kara ya kai cikin ƙwaya kafin zafin Maris ya tsayar da shi.

Waɗannan halaye biyu ne daban, kuma kyamara ta fi ganin na farko. Layin da ya ƙara yawan ƙwaya ba tare da ya ƙara shan azot ba, furotin ɗinsa ne ya tsinke. Manomi zai ga buhu ya ƙaru, mai gidan burodi zai ga ƙullin bai tashi ba, mai murza taliya za ta ga tana tsinkewa a hannu. Hoto daga sama ba ya hasashen furotin da kyau kamar yadda yake hasashen yawan ganye. Sai an girbe, an sussuke, an sheƙe, an ɗora a sikeli, an auna damshin ƙwaya, an niƙa samfuri an kai ɗakin awo.

A nan ne nake ganin kuɗinmu ya kamata ya fara zuwa. Manhajar da ake kira mai koyo mai zurfi ba ta san alkama ba, misalai ake tara mata: ga hoto, ga abin da sikeli ya ce, ga abin da ɗakin awo ya ce, sau ɗaruruwa ko dubbai, har ta gano alaƙar. In awon ƙasa ya gurɓace, abin da ta koya ya gurɓace, kuma za ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Kenan ana buƙatar sikeli mai auna giram, da tandun busar da samfuri a zafin digiri 65 zuwa 70 har nauyinsa ya daina sauka, da injin niƙa samfuri, da kayan auna azot da sinadaran da ba su ƙare a tsakiyar aiki ba, da takardun shaida masu lamba da ba sa gogewa a rana, da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci don kada fangali na 412 ya shiga buhun na 421. Ba abin da ke jan hankalin baƙi ranar buɗe aiki a cikin waɗannan kaya, shi ya sa su ne ake fara yankewa in kasafi ya matse.

Sai batun filin gwajin kansa, wanda ya fi kowane abu ɓata sakamako a ƙasarmu. Gonakinmu ba su da daidaito ko a cikin taku goma. Nan tsohon suri ne, can makwantar shanu ce ta bara waccan, gaba kaɗan gindin gawo. Layin da ya faɗa kan makwantar shanu zai fito zakara a fangalin da aka ce ba a ba shi taki ba. Maganinsa shi ne a shuka dawa ko masara ba taki a filin kafin gwaji don ta tsotse ragowar azot, a tashi jirgi a kanta a ga inda ƙasar ta bambanta, sannan a tsara fangaloli a warwatse ta hanyar ƙuri'a. Wannan ma wani aiki ne da jirgin ya iya sosai, kuma ba a cika ambatonsa ba. Ban ruwa na malale shi ma yana da tasa illar: in magudana ɗaya ke shayar da ɓangaren taki da ɓangaren da aka hana, ruwan zai ɗauki narkakken ure ya kai wa maƙwabci, bambancin da ake nema ya shafe. Kowane ɓangare da tasa magudanar, da kunya mai tsayi, da tazarar mita 2 aƙalla. Lokacin girbi kuma a bar jeren gefe guda biyu, a yanki 4 na tsakiya, don na gefe sun ci haske da abincin hanya.

Gawo ma yana da nasa labarin. Shi ne arzikin Mirya da Magarya da Matamai, inda manoma suka raya miliyoyin itatuwa da hannunsu tun shekarun 1980. Amma yana fitar da ganye ne da rani, daidai lokacin alkama, inuwarsa kuma tana sauya launin duk fangalin da ta faɗa wa. Ba a sare gawo don gwaji. A zaɓi fili nesa da shi, ko a cire fangalolin da inuwa ta taɓa daga lissafi.

Kuskure mafi haɗari shi ne ɗaukar kowane ɗorawar ganye a matsayin yunwar azot. A kwaruruwanmu masu kanwa, irin na wajen Gidimuni da Gure, ƙasa na hana tsiro shan sinadarin ƙarfe, ganye ya yi fari-fari ko da an cika shi da ure. Ruwan da ya kwanta a fangali yana shaƙe saiwa, gishiri na ƙona bakin ganye, rashin farar wuta a yashi na kawo ɗorawa. Malamin gona da ya durƙusa zai bambance: yunwar azot daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ta ƙarfe da ta farar wuta daga sababbin ganyen sama. Kyamarar da ke mita 30 ganyen sama ta fi gani. Kanwar nan kuma tana da wata ɓarna: ure da aka watsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kanwa aka bar shi a rana, kaso mai yawa yana zama iska ya tashi cikin ƴan kwanaki. Wanda ya raba takinsa kashi biyu ko uku, ɗaya wajen shuka, ɗaya bayan mako 3 lokacin da alkama ke fara ƴaƴa a gindi, ɗaya lokacin da kara ya fara gaɓa, ya kuma bi kowane zubi da ruwa daidai gwargwado nan take, ya tsirar da azot mai yawa tun kafin wani sabon iri ya iso. Haka nan in sinadarin fosfor ya gaza, kamar yadda ya gaza a mafi yawan yashin Sahel, saiwa ba za ta yi nisa ba balle ta kamo azot. Gwajin da bai wadata kowane fangali da fosfor ba, wani abu daban yake aunawa.

Akwai wani tarkon da ya shafi lokaci. Layin da ke jinkirin fidda kai yakan fi kowa kore ranar da jirgi ya tashi, don kawai bai tsufa ba. A ƙasar sanyi wannan na iya zama alheri. A nan, alkamar da aka shuka tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba tana da kwana 90 zuwa 110 kafin zafi ya kama ta, kuma da zarar rana ta haura digiri 32 lokacin cika ido, ƙwaya sai ta motse. Manhajar da aka bari ta zaɓi mafi kore za ta tara mana layuka masu jinkiri. Dole wani ya zagaya filin kullum da littafi yana rubuta ranar da rabin kowane fangali ya fidda kai, a kwatanta kowane layi da sa'o'insa.

Shi kansa tashin jirgin yana da ƙa'idoji da hunturu ke wahalarwa. Ana tashi ne kusa da tsakar rana, inuwa na gajere, a sa'a ɗaya kowane mako. Hotuna su hau kan juna da kashi 75 zuwa 80 cikin 100 don su ɗinku. Kafin tashi da bayan sauka a ɗauki hoton farantin daidaita haske, a kuma rufe shi nan da nan, don ƙurar da ta kwanta a kansa za ta karkatar da awon ranar gaba ɗaya. A kafa alamomi 5 ko fiye a ƙasa da turaku, kada su motsa har ƙarshen noman, in ba haka ba fangalin wannan makon ba zai hau kan na makon jiya ba. Ranar da hazo ya yi kauri ko iska ke kwantar da ganye, a haƙura. Batura ba sa son zafi, ba a barin su cikin mota, ba a caja su da ɗuminsu. Kowane tashi yana haifar da gigabait masu yawa, don haka ana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar sola da ba ta yankewa a tsakiyar ɗinki. Manhajojin OpenDroneMap da QGIS, na ɗinka hotuna da zana taswira, kyauta ne, sun isa a fara. Kuma a halin tsaron da ake ciki, babu mai hankalin da zai ɗaga jirgi ba tare da izinin hukumar jiragen sama ta ANAC da sanin jami'an tsaro da mai gari ba.

Me zai hana mu ɗauko manhajar da wasu suka riga suka horar? Za mu ɗauko, amma ba za mu amince da ita ba sai mun jarraba. Babban tarin hotunan zangarniyar alkama da aka fitar a 2020 yana da hotuna kusan 4,700 da zangarniya kusan 190,000 da aka zana wa alama da hannu, daga Turai da Kanada da Ostareliya da Sin da Japan. Ƙasarsu, haskensu, kaurin shukarsu da ciyayinsu duk daban ne da namu. Farin yashi mai ƙyalli da jiji da ke tsirowa tsakanin jere suna iya ruɗa ta. Sai ɗalibanmu sun zauna sun zana alama a kan ɗaruruwan hotunan gonakinmu an ƙara mata horo. Wajen jarrabawa ma akwai wayon da ke yaudarar mai shi: a horar da ita da fangaloli 600 a jarraba ta da sauran 200 na fili ɗaya da shekara ɗaya. Za ta ci, don ta haddace filin. Jarrabawar gaskiya ita ce a horar da ita da bayanan bana a Mirya, a tambaye ta na baɗi a Magarya. Sau da yawa kuma, in fangalolin ɗaruruwa ne kawai, lissafi mai sauƙi yana hasashen yawan amfani daidai da babbar manhaja. Inda koyo mai zurfi ya yi fice shi ne ƙirga da warewa.

Ban ga dalilin da Nijar za ta fara haɗa auren alkama daga tushe ba, aikin da kan ci shekara 10 zuwa 12 kafin iri ɗaya ya fita. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko da cibiyar ICARDA mai binciken noma a busassun ƙasashe suna rarraba layuka masu jure zafi ga ƙasashe don gwaji, Sudan ta daɗe tana noman alkama cikin zafi, cibiyar binciken tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar da irin su Norman da Reyna-28. A 2021 ma masanan Japan da na CIMMYT sun sanar da alkamar da aka sa wa gadon wata ciyawar daji, saiwarta na fitar da sinadarin da ke rage saurin juyewar azot zuwa nau'in da ruwa ke wankewa. An fi ganin tasirin wannan hali a ƙasa mai ɗan tsami, don haka sai an gwada shi a yashinmu da kanwarmu kafin a ce komai. Aikinmu shi ne tacewa: cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da jami'ar André Salifou ta Damagaram su karɓi layukan, su gwada su shekara 3 a wurare 3 aƙalla, a matakin taki na mai hali da na talaka, su kuma riƙe hotuna da awon a rumbun ajiyarsu a nan gida, kowane abokin hulɗa ya samu kwafi bisa yarjejeniya.

Wani zai ce kuɗin nan gara a sayi taki a raba. Ina jin nauyin maganar, don taki na ba da amfani bana. Amma tallafin taki yana ƙarewa da shekararsa, iri kuma yana zama a hannun manomi yana haihuwa. Shi manomin ba ya buƙatar jirgi ko kaɗan. Abin da zai iso masa iri ne da shawara, kamar ya ware fangali ɗaya ya ƙoshar da shi da ure tun farko ya zama ma'auni: in sauran gonar ta yi kore kamarsa, ya rage zubi na gaba, in ta yi baya, ya ƙara.

Gaskiyar da ta rage ita ce alkama ba za ta taɓa zama babban abincin da Damagaram ke nomawa ba. Tana shan ruwa milimita 450 zuwa 650 a lokacin da ba a ruwan sama, a jihar da babban birninta ke fama da ƙishirwa kowace bazara, kuma a fangali ɗaya tana gasa da albasa da tattasai da rake da suka fi ta kawo kuɗi. Wuraren da suka fi dacewa da ita su ne Ƙonni da Jiratawa da kwaruruwan Ayar da bakin Komadugu. Darajarta a wurinmu ita ce ta zama makaranta: shukar jere ce, gajera, mai daidaito, ana yin ta da rani lokacin da ma'aikata da jirgi ke zaune. Ƙungiyar da ta ƙware a kanta daga Nuwamba zuwa Maris, sai ta juya kayan aikin kan hatsi da dawa da wake daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da gawo ya zubar da ganye ya buɗe wa kyamara gona. Can ne tambayoyin da suka shafi tukunyar kowane gida suke: wane irin hatsi, HKP ne ko Chakti ko na gargajiya, ya fi amsa ɗan takin nan na giram 6 na 15-15-15 ko giram 2 na takin DAP a kowane rami, rami nawa ne suka mutu bayan iska ta binne shuka, a ina ƙuduji ya fara. Hatsi ya fi alkama wuyar karantawa daga sama, don dogo ne, ramukansa na da tazarar mita guda, ga wake ko gyaɗa a ƙarƙashinsa, kuma babu wata babbar ƙasa da za ta tara mana hotunansa ta zana musu alama. Wannan aikin ɗaliban Damagaram da Maraɗi ne, kuma kasafin farko ya kamata ya ƙunshi kuɗin zamansu a kansa.